Kayan ƙamshi a cikin sumuti, abin da muka tattaro

Ga taƙaitaccen abin da matan unguwarmu suka faɗa da muka zauna hirar sumuti, wato abin sha na markaɗaɗɗun 'ya'yan itace. Kusan kowa citta ta fara ambata, ɗanya, kamar rabin ɗan yatsa a markaɗa da abarba ko kankana, tana kwantar da tashin zuciya kuma ƙamshin ma daban ne wallahi.

Ayaba da dabino da kindirmo kuwa kirfa suke so, amma fa kar a wuce rabin ƙaramin cokali don kirfa in ta yi yawa kullum tana wahalar da hanta, ni dai wannan shawarar ta fi tsaya min a rai. Kurkum sai da ɗan masoro jiki ke ɗaukarsa sosai, kuma ya fi dacewa da mangwaro. Kanumfari ɗaya ko biyu ya isa, in ba haka ba ya danne komai.

Wata anti ta ce gara ki saya guda-guda a Kasuwar Bacci ki daka da kanki, garin da ya daɗe ƙamshinsa ya tafi. Masu ciki da masu shan maganin tsinka jini don Allah ku tambayi likita tukun, zuma kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba.