Maigida da yaron shago: wai bauta ce?

Malam Akawu: Yau sai na amayar da abin da ke cina. Shugabancin kasuwanci ya sauya, iyayen gidanmu na kasuwa kuwa suna nan jiya-i-yau. Yaro ya shekara goma a shago, ba albashi, ba ranar sallama a rubuce, makulli da lissafi duk a aljihun Alhaji. Ranar da ya kwanta dama magada su raba kaya dila-dila, shago ya mutu. Wannan bauta ce. Maigidan yau yana buƙatar asusun shago daban da nasa, ƙirgar kaya duk ƙarshen wata, da babban yaron da zai iya yanke farashi idan ba ya nan.

Alhaji Na-Kwari: Malam, iya bakinka. Bawa ake yi wa aure, a kama masa haya, a ba shi jari? Da yaran gida Alhassan Ɗantata ya yi fataucin goro da gyaɗa.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, a ba shi jari yaushe? Nan gizo ke saƙar. A rubuta shekarun hidima, adadin jari ko turamen da za a ba shi, shaidu biyu su sa hannu. In ba haka ba, yaro zai fara ɗora naira ɗari biyar a kan kowane turmi yana sallamar kansa.

Alhaji Na-Kwari: Hajiya, ke ma kin yarda bauta ce ke nan?

Hajiya Mai Atamfa: Ban ce ba.

Ɗan Singa: A kasuwar Kwari ne ake bautar. Mu a kasuwar Singa kamasho muke bayarwa kan kowane katan.

Alhaji Na-Kwari: Kai yaro, mai sayar da taliya ne zai koya mana riƙon mutane?

Malam Akawu: Jama'a, a dawo kan magana. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya na iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai magada su gaji hannun jari, kaya su zauna a shago. Kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ciniki ya karkata ga tiransifa. Idan kuɗin na faɗawa asusun yaro, ko POS ɗin ba da sunan shago yake ba, ta ina za a gane ɓarna?

Ɗan Singa: Ka fara janye kalmar, ko ka kawo hujja.

Baba Sarkin Zaure: To, na rufe. Abin da aka cim ma: tsarin iyayenmu na amana ya fi, 'yan boko ne ke son shigo da takarda tsakanin uba da ɗa. Malam Akawu ya nemi afuwar 'yan kasuwa.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, wa ya cim ma wannan? Maganar rubuta sallama fa, ina ka kai ta?