Atisayen keke a hanyar Sumama: ruwa nawa, ƙarfe nawa, wace taya?

Ɗan Riyad:
Salamu alaikum. Ni da abokina muna son fara atisayen keke duk Juma'a a hanyar Sumama, arewa da Riyad, kamar kilomita 80 zuwa da dawowa. Kekunanmu na kwalta ne masu siririyar taya, ga bazara ta shigo. Masana a taimaka mana da tsari.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ku fara da lissafin kilomita, ku fara da lissafin ruwa da agogo. A watan Yuni ana kiran asuba a Riyad wajen 3:30, rana ta fito wajen 5. Ku idar da salla ku hau, ku tabbata kun sauka kafin 8:30, domin da azahar zafin kan haura digiri 43, kuma kwalta ta fi iska zafi nesa ba kusa ba.

Haɗarin Najad, yankin da Riyad take, shi ne bushewar iska. Gumi na fita yana bushewa nan take, sai mutum ya ga rigarsa a bushe ya ɗauka lafiya lau, alhali ruwan jikinsa na ƙarewa. Ku sha mililita 750 zuwa lita 1 duk awa, kurɓi-kurɓi kowane minti 15, ba sai ƙishi ya zo ba. Gora biyu ba za su kai ku awa uku ba, don haka ku bi hanyar da mota tukuna ku san inda gidan mai ko bakala (ƙaramin shago) suke, da wadda take buɗe da sassafen Juma'a. Gora ɗaya ta zama ta gishiri: rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula 6 na sukari a lita 1. Zallar ruwa da yawa ba gishiri na kawo ciwon kai da tashin zuciya. Dabino 5 ko 6 duk awa ya isa abinci. Ku hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kilo 1 da ya ragu, ruwa lita 1 ne ya tafi.

Kuma 80 ta yi yawa a farko. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi, fitar Juma'a kaɗai ba za ta ba shi wannan ba. Ku ƙara gajeriyar fita ta awa ɗaya sau biyu ko uku a mako, Juma'ar ku fara da 40.

Mai Faci:
Maganar keken kuma. In firam ya ɗauka, ku sa taya mai faɗin milimita 28, iska kamar PSI 75 zuwa 80 a ma'aunin famfo ga mai kilo 70. Kada a cika ta dam, zafi na ƙara mata ƙarfi, kuma kada a bar keke cikin mota a rana. Abin da ya fi huda taya a gefen titi siraran wayoyi ne daga fasassun tayoyin tirela, sai ƙaya. Kafin ka sa sabon tiyub, shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka zare wayar, in ba haka ba ta sake huda shi. Kowa ya riƙe tiyub 2, faci da famfo.

Sarƙa kada a zuba mata baƙin mai ko giris. Yashi na mannewa ya koma kamar dutsen wasa, ya cinye ta har da haƙoran giya. A sa man sarƙa mai bushewa ko na kaki, a goge da tsumma bayan kowace fita.

Ɗan Riyad:
Allah ya saka da alheri. To iska fa, Baba? Kuma jere za mu yi kafaɗa da kafaɗa ko bi-da-bi?

Baban Hanifa:
Bi-da-bi, a gefen titi, jere bai dace ba inda manyan motoci ke wucewa. Da bazara iskar arewa ce ta fi yawa, tana ƙara ƙarfi in rana ta ɗaga, wannan kuwa ya yi muku daidai: ku tare ta a tafiya kuna da ƙarfi, ta turo ku a dawowa. Ku riƙa karɓar gaba duk minti 3. Na baya ya bar tazarar rabin taya zuwa taya guda, kada tayarsa ta gaba ta shiga gefen ta bayan ɗan'uwansa, da sun gogu shi ne zai faɗi. Na gaba ya nuna rami da hannu. In yashi ya malalo kan kwalta, kada a taka birki ko a karya kan keke a cikinsa, a miƙe kawai. Fitila ja a baya, hular kwano dole, ku kuma sa ido kan raƙuma da duku-duku. Ranar da aka yi gargaɗin ƙura a zauna gida.

Ummu Aisha:
Ku riƙa yi wa juna magana a hanya. In abokinka ya fara amsa ba daidai ba, ko yana tangaɗi a kan keke, ko tsigar jikinsa na tashi cikin zafi, ba gajiya ba ce. Sauke shi, sa shi a inuwa ko ta ƙarƙashin gada ce, jiƙa masa kai da wuya da hammata, ka kira lambar agajin gaggawa 997 ko 911. In ba ya cikin hayyacinsa kada ka ɗura masa ruwa. Kafin ku fita ku tura wa wani mai mota wurin da kuke ta WhatsApp, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku.