Shawarwari ga mai barin Windows zuwa Linux Mint

Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutoci da yawa ke neman mafita. Wata shawara da ake yawan bayarwa ita ce Linux Mint, tsarin da ke maye gurbin Windows a kwamfuta: a zaɓi nau'insa na Cinnamon in RAM ya kai gigabait 4, ko na Xfce mara nauyi in bai kai ba.

Kafin komai, a kwashe fayiloli zuwa wani faifai daban. Sannan a zuba Mint a filash mai gigabait 8 da manhajar Rufus, a tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da girkawa ba, a gwada Wi-Fi da sauti da firinta. Wi-Fi na Broadcom shi ya fi ba da wahala. In ya ƙi aiki, a jona intanet ɗin waya ta USB, a buɗe Driver Manager, manhajar Mint da ke girka direbobin da na'urori ke buƙata. Mai son ci gaba da amfani da Windows tare da Mint ya kashe Fast Startup, saitin Windows na saurin kunnawa, domin yana kulle faifan, Linux ya kasa rubutu a ciki.

LibreOffice na buɗe takardun Word, sai dai tebura kan goce. GIMP kuwa, manhajar gyaran hotuna, kada a zata Photoshop ce. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ suna cikin tsarin madannai na Hausa, a saituna.