Tsofaffin manhajojin imel: da wace zan fara?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyon Linux a wata tsohuwar kwamfuta, kuma ina so in ga yadda mutanen farko suka tsara manhajar imel. Ba karatun tarihi nake nema ba, so nake in taɓa da hannuna. Da wace zan fara?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Fara da Alpine, magajiyar Pine. Ita Pine, Jami'ar Washington ce ta fitar wa jama'a da ita a 1992. Don waɗanda ba su iya Unix ba, wato tsarin kwamfutar da Linux ya kwaikwaya, aka yi ta, shi ya sa umarninta ke rubuce a ƙasan allo. Ba sai ka haddace komai ba.

Hajiya Rabi: Malam, Alpine tana da sauƙi, amma tunanin mutanen farko ne Aminu ke son gani. Ya sauke nmh. Asalinta MH ce, wadda aka rubuta a cibiyar bincike ta RAND, a Amurka, a ƙarshen shekarun 1970. Ba manhaja ɗaya ba ce da za ka shiga ka zauna ciki, ƙananan umarni ne, kowanne da aikinsa: inc ya kwaso sababbin saƙonni, scan ya jero su, show ya buɗe, repl ya ba da amsa. Kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa, lamba ce sunansa. Kana neman wasiƙar bara? Sai ka sa grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli, ba ka jiran wani kamfani ya yi maka maɓallin bincike. Abin da ya sa nake ƙaunarta ke nan. Sun ɗauka wasiƙarka taka ce, a hannunka za ta zauna, cikin rubutun da kowace kwamfuta za ta iya karantawa.

Aminu: Hajiya, wannan ya burge ni. Ashe tun farko haka imel yake?

Hajiya Rabi: A rarrabe dai ya faro. Lokacin da Ray Tomlinson ya fara tura saƙo tsakanin kwamfutoci a ARPANET, tushen intanet, a 1971, manhajar aikawa daban, ta karantawa daban. Sai wajen 1975 John Vittal ya zo da MSG mai umarnin mayar da amsa. Kafin nan sai ka sake buga adireshin da hannu.

Yakubu: Kada a manta da Eudora. Steve Dorner ya rubuta ta a Jami'ar Illinois a 1988. Ta kwaso saƙonni, ka katse layi, ka karanta ka yi amsa a natse, sannan ka tura gaba ɗaya. Ga mu masu lissafin data, wannan tsarin har yau yana da amfani. Ta daina fita, amma an saki lambobin gininta a 2018, mai son nazari zai samu.

Malam Bashir: Haka ne. In saƙonnin rukuni sun yi maka yawa kuma, Mutt ta Michael Elkins, tun 1995, ta iya jera amsa ƙarƙashin amsa. Sai dai saita ta na son haƙuri.

Aminu: Allah ya saka da alheri. Alpine a daren nan, nmh ranar Asabar. Za su haɗu da Gmail?

Malam Bashir: Alpine za ta haɗu ta IMAP, hanyar da manhaja ke bi ta karanto saƙonni daga akwatin imel, amma ba da kalmar sirrinka ta kullum ba. Kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka na Google, ka ciro kalmar sirri ta manhaja, ita za ka saka.