Yaya zan sa zane uku su bi layin ƙasa ɗaya a Matplotlib (kayan zana jadawali na yaren kwamfuta Python)?

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina firojet kan ruwan sama da zafi da laimar iska, na jera zane uku sama da ƙasa amma watannin sun ƙi daidaita, Agusta na sama yana kan Satumba na ƙasa, malamina ya sa jan biro ya zagaye. Jibi zan miƙa wallahi.

Mai koyar da Python:
Wa alaikumussalam. Abu mai sauƙi ne ƙanena, cikin plt.subplots (umarnin da ke jera zanen) ka ƙara sharex=True shikenan. Duk za su bi ma'auni ɗaya, sunayen watanni kuma a na ƙasa kaɗai za su fito. In ka zuƙo ɗaya ma sauran za su bi shi.

Wata 'yar uwa:
Amma kar ka kuskura ka sa sharey (mai sa su bi ma'aunin gefe ɗaya) fa! Ruwa milimita ne, zafi digiri, na taɓa yi layin zafin ya kwanta ƙasa kamar tabarma, ban ga hawa da saukarsa ba sam.

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Ya yi malam, Allah ya saka! Saura gibin tsakaninsu ya yi yawa.

Mai koyar da Python:
Sa hspace=0 cikin subplots_adjust, za su manne.