Shawarwari kan 'yan sandan makarantun gwamnati a Amurka

Iyaye da malaman da suka tattauna batun ajiye 'yan sanda a cikin makarantu sun fi dagewa kan abu ɗaya: a rubuta yarjejeniya tsakanin hukumar makaranta da 'yan sanda, a kafe ta inda kowa zai karanta. Tsaro ne aikin ɗan sanda, ladabtarwa kuwa ta malami ce. Sun tuno da abin da ya faru a wata makaranta a jihar Karolina ta Kudu a 2015, inda bidiyon wayar ɗalibai ya nuna jami'i ya fizgo yarinya daga kujera ya wurga ta ƙasa, har aka kore shi daga aiki. Shi ya sa suke so duk shekara a bayyana yawan ɗaliban da aka kama, da launin fatarsu. Kuma kada a yi wa yaro tambayoyi sai da sanin mahaifansa, wanda a ganina bai kamata a yi jayayya a kansa ba.