Sabon ciwon jijiya mako 5 bayan haɗe ƙashin baya

Assalamu alaikum. An yi mini tiyatar haɗe ƙasusuwa biyu na ƙasan baya, L4 da L5, da ƙusoshi huɗu da sanduna biyu. Ciwon ƙafar dama da ya kai ni asibiti ya tafi, amma tun mako na uku wani sabo ya taso a ta hagu. Daga ɗuwawu yake farawa, ya bi gefen cinya da ƙwauri har babban yatsa, yana fizga kamar wutar lantarki. Da dare ko zanen gado ya goge saman ƙafar sai na farka.

Ina shan gabapentin, maganin ciwon jijiya, miligiram 300 sau uku a rana, barci kawai yake sa ni. Paracetamol bai taɓa ciwon ba. An hana ni diclofenac, maganin ciwo da kumburi, don kada ya jinkirta haɗuwar ƙashi. Tafiyar minti 10 da kwanciya da matashin kai tsakanin gwiwoyi duk na gwada.

Babu zazzaɓi, ɗinki ya bushe, fitsari da bayan gida lafiya. Hoton ƙashi ya fito daidai, likita ya ce kumburin jijiya ne, in yi haƙuri. Sai dai shekaranjiya na lura yatsan ba ya ɗagowa sosai, silifas yana zame mini.

Da wannan raunin, in matsa a yi hoton CT, wanda ke nuna ƙashi dalla-dalla, yanzu don a duba ko ƙusa ce ke taɓa jijiyar?